Kamun madadi da kuɗin beli: me ƙungiyar unguwa za ta iya yi?

Ɗan Lungu

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masana doka ce, da waɗanda suka san yadda aiki ke tafiya a caji ofis da kotu.

Akwai abubuwa uku da suka addabi talakawan unguwanninmu. Na farko, a zo neman yaron da ake zargi, in ba a same shi ba sai a tafi da ƙanensa ko mahaifinsa, wani lokaci ma mahaifiyarsa, a ce sai ya kawo kansa za a sake su. Na biyu, rigimar bashi ko cinikin da ya lalace, mai ƙarfi ya kai marar ƙarfi wurin 'yan sanda a rufe shi har sai dangi sun haɗa kuɗin. Na uku kuɗin beli. A jikin bango an rubuta beli kyauta ne, amma ɗan garuwa ko mai tura baro ba ya fita sai an sayar da akuyar gida ko keken ɗinkin matarsa.

Muna da ƙungiyar taimakon kai da kai, aikinta gyaran maƙabarta da yashe kwata. Matasan cikinta suna so a ƙara da wannan, domin rubuta ɓacin rai a Facebook bai taɓa fito da kowa daga bayan kanta ba. Ba faɗa da hukuma muke nema ba. Akwai 'yan daba da masu ƙwacen waya, kuma mu ma so muke a hukunta su. Abin da muke so mu sani: me doka ta ce, wane mataki ake fara ɗauka, da wa ake magana, kuma in aka ƙi saurara ina ake nufa?

Na-Kotu

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Lungu. Duka ukun nan doka ta ambace su ƙarara ta hana.

Kamun madadi, sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ya haramta shi, haka ma sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020. Ba a tsare uwa don a jawo ɗanta. In ana zarginta da ɓoye mai laifi, wannan tuhuma ce daban, sai a rubuta da sunanta a kai ta gaban alƙali. Maganar bashi kuma tana sashe na 32(2) na dokar 'yan sandan: ba a kama mutum don ya saɓa yarjejeniyar ciniki, ko don wata rigima da ba ta laifi ba. Mai bin bashi ƙarar neman haƙƙi zai shigar, kuma jihohi irin su Kano suna da kotunan ƙananan basussuka da aka buɗe don haka. To amma ku lura da dabarar masu ƙara. Sun san wannan doka, saboda haka ba sa cewa bashi, sai su ce zamba ko cin amana, waɗanda laifuka ne a kundin Penal Code. Takarda ce ke warware wannan: rasit, yarjejeniyar da aka rubuta, saƙon banki da ke nuna ya biya wani kaso, ko shaidun da aka yi cinikin a gabansu. Wanda ya biya rabi ya roƙi a ɗaga masa ƙafa, da wuya a ce da niyyar cuta ya zo tun farko.

Ku sani ita ACJA a Abuja da kotunan tarayya take aiki kai tsaye. Kowace jiha da irin tata, Kaduna ta yi a 2017, Kano a 2019, kuma lambobin sassan ba ɗaya ba ne. Shi ya sa a caji ofis gara ku jingina da abu biyu da ke aiki a ko'ina: kundin tsarin mulki na 1999 da dokar 'yan sanda.

Sashe na 35 na kundin shi ne ginshiƙin maganar. Dole a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da za ta iya sauraron ƙarar a cikin tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. A cikin birnin Kano ko Katsina ko Zariya babu caji ofis ɗin da zai ce kotu ta yi masa nisa. In ba za a iya kai shi cikin awa 24 ba, shugaban ofishin ya duba lamarin ya ba da shi beli. Banda laifukan da hukuncinsu kisa ne, kamar kisan kai da fashi da makami. Waɗannan alƙalin babbar kotu kaɗai ke ba da belinsu, shi ma sai da dalili mai ƙarfi. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai fito muku da mai irin wannan tuhuma daga caji ofis, cutarku zai yi.

Wurin da talaka ya fi halaka kansa shi ne wurin ba da sitatimen. Sashe na 35(2) ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Mutum bai iya karatun boko ba, a rubuta shafi biyu da Turanci, a kama babban yatsansa a dangwala, bayan wata shida a karanta a kotu a ce ya amsa laifi da bakinsa. Doka ta ce a ɗauki bayanin a gaban lauyansa, in ba shi da lauya a gaban jami'in hukumar Legal Aid mai ba talaka lauya kyauta ko wakilin ƙungiyar farar hula ko wanda ya aminta da shi. In da tafinta aka yi, tafintan ya rubuta sunansa ya sa hannu. In amsa laifi ne, ana so a ɗauke shi a bidiyo. Ku koya wa yaranku jumla ɗaya tak: ba zan sa hannu ba sai an karanta mini da Hausa a gaban wani nawa. Idan kuma an doke shi, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ba shi damar ganin likita, ta ce bayanin da aka tatsa da duka ba hujja ba ne, kuma wanda ya yi dukan zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25. Amma tabo yana warkewa. A ɗauki hoton raunin ranar da ya fito, a kai shi asibitin gwamnati, a adana katin.

Ga matakan. Ku rubuta ranar kamu da ƙarfe nawa, a ina, su waye suka gani. Awa 24 na cika ku kai wa DPO takardar neman beli, kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku. In aka ƙi karɓa, ku rubuta sunan wanda ya ƙi da lokacin. Daga nan sai kwamandan yanki, sai kwamishinan 'yan sanda. Ba sai kun jira amsarsu ba, domin doka ta ba dangi damar sanar da kotun majistare cewa ana tsare da wane ya wuce awa 24, alƙali ya sa a kawo shi ya binciki dalili, kuma neman belin da baki ma ya wadatar. Sashe na 34 na ACJA ya kuma wajabta wa babban majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar waɗanda aka kama, ya ba da beli nan take in ya dace. Ku tambayi reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA na garinku ko ana wannan ziyara, ku riƙa miƙa musu sunaye kafin ranar.

'Yar Zazzau

Barista, Allah ya ƙara basira. Duk abin da ka faɗa haka yake a takarda. Amma matashin da ya shiga caji ofis da zafin kai yana karanto sashe kaza sashe kaza a gaban kanta, shi ma a ciki zai kwana, a ce ya hana jami'i aikinsa. Yadda ake shiga shi ne rabin aikin.

Mutum biyu ko uku sun isa: dattijo mai natsuwa, mai unguwa ko liman in an samu, da wani mai riƙe da biro da littafi. Taron matasa a bakin ƙofa ɓata magana yake yi, haka ɗaga waya ana ɗaukar bidiyo a cikin ofis. Ku yi sallama, ku tambayi abu huɗu a hankali. An shigar da sunansa a rajista? Wane ɗan sanda ne ke binciken? Me ake zarginsa da shi? An rubuta kayan da aka karɓa a hannunsa, waya, kuɗi, babur? Tambayar farko ta fi sauran nauyi. Wanda ba a rubuta sunansa ba, babu shaidar yana hannun hukuma, kuma irinsu ne ake kwasowa a samame a tatsa a saki ba tare da shugaban ofis ya ma sani ba. Da zarar an ga akwai masu rubuta lokaci da suna, lissafi yakan sauya.

In yana da asma ko sikila ko ciwon suga ko farfaɗiya, ku faɗa a rubuce a ranar farko, ku kai maganin da katin asibiti. Ku kai abinci da ruwa, kuma a wurare da yawa za a ce wanda ya kawo ya fara ɗanɗanawa.

Kamun Alhamis da dare ko na Juma'a shi ya fi wahala, don kotu ba ta zama Asabar da Lahadi. In ba a sa hannu a takardar beli kafin a tashi tafiya masallaci ba, da wuya ya fito kafin Litinin, kuma a kwanakin nan ne farashi ke tashi, saboda an san uwa ba za ta iya barci ba. Saboda haka mai tsayawa ya zo da kayansa tun da safe: hoton fasfo biyu, katin ɗan ƙasa ko na zaɓe da kwafinsa, cikakken adireshi, lambar waya mai aiki. Rashin hoto kaɗai ya sa mutane da yawa sun ƙara kwana.

Akwai ruɗanin da ake cin kasuwa da shi. Kuɗin da ake rubutawa a takardar beli, a ce naira dubu ɗari misali, ba biya ake yi ba. Alkawari ne mai tsayawa ya ɗauka cewa in wanda ya tsaya wa ya gudu, kotu za ta iya bin sa wannan adadi. Mutane da yawa ba su san haka ba, sai a nuna musu lambar a ce ga abin da za su kawo. In an nemi kuɗi, a ce cikin ladabi za a ba mu rasit na gwamnati, ko a nemi ganin DPO. Ku kuma yi hattara da 'yan kamashon da ke zaune a gindin bishiya a bakin ofis suna cewa sun san oga. Sau da yawa abin da aka ba su ko ƙofa ba ya shiga.

Ni dai ba na ganin laifin uwar da ta biya don ɗanta ya fito. Tsoro ne, ba son rashawa ba. Amma ƙungiya ta rubuta nawa aka karɓa, wa ya karɓa, lambar da ke jikin kakinsa, sannan bayan yaron ya fito a kai ƙorafi sashen karɓar ƙorafe-ƙorafe na rundunar, wato CRU, ko hukumar kula da aikin 'yan sanda, ko hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC. Ƙorafi ɗaya ana iya shashantar da shi. Guda goma a kan mutum ɗaya, kowanne da kwanan wata, yana sa a kira shi hedikwata.

Sai batun da ke ƙona mini rai. Har yanzu ana ce wa mace ba ta karɓar beli, ta je ta nemo namiji. Babu dokar da ta ce haka. Sashe na 167(3) na ACJA ya ce kada a hana mutum tsayawa wani don kawai mace ce, kuma sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana wariyar jinsi. Gwauruwar da ta raini yaro ita kaɗai, ita ta fi kowa sanin inda yake kwana, amma sai a tura ta roƙon ƙanen miji da bai taɓa sayen sabulu a gidan ba. Ku sa mata a cikin kwamitinku, su ne ke fara sanin an yi kamu.

Ƙarin abu biyu. Wanda aka ba beli ya riƙa zuwa ranakun da aka ce ya dawo, a rubuta ya zo, don rashin zuwa ke ba da hujjar sake kama shi da mai tsaya masa. Su kuma 'yan sintirin unguwa, in sun kama mutum, miƙa shi ga 'yan sanda za su yi ba tare da ɓata lokaci ba. Ba su da hurumin tsarewa, balle duka ko cin tara. Ƙungiyar da ke neman adalci a caji ofis ba za ta yi shiru a kan abin da ake yi a ofishin sintirin lungunta ba.

Ɗan Lungu

Na gode Barista, na gode Hajiya. Maganar 'yan sintiri ta shige ni, za mu fara da ita. Saura ɗaya: in an riga an kai mutum kotu, alƙali ya ce a ajiye shi a gidan yari, wata da watanni ba a ƙara kiran shari'ar ba fa? Muna da gidajen da ba su ma san a wace kotu maganar ɗansu take ba.

Tsohon Magatakarda

Malam Ɗan Lungu, nan ne ramin yake. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke. Bari in nuna maka yadda mutum ke ɓacewa.

'Yan sanda su kawo shi kotun majistare da takardar FIR, wato rahoton farko na tuhuma, a rubuta masa babban laifi kamar fashi da makami, wanda majistare ba shi da hurumin yin shari'arsa. Ba a ma tambayarsa ya amsa ko bai amsa ba. Alƙali ya ce a tsare shi har a samu shawarar ma'aikatar shari'a. Daga nan sai ɗan sanda mai bincike ya kwafi fayil ya aika wa ofishin daraktan gabatar da ƙararraki, lauyan gwamnati ya karanta ya ce akwai tuhumar da za a amsa ko babu. In akwai, a shigar da ƙara a babbar kotu. In babu, a sallame shi. A kowace gaɓa abin na iya maƙalewa: ba a kwafi fayil ba don babu kuɗin takarda, an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, mai ƙara ya daina zuwa, shawara ta fito amma ba ta iso kotu ba, ko ranar zama ta zo babu man da motar gidan yari za ta kawo shi. Ba wanda ya yi niyyar ya shekara uku, kawai ba mai bibiya ne.

Doka ta sa wa wannan tsarewa iyaka. A sashe na 296 na ACJA, umarnin farko kwana 14 ne, ana iya ƙara wasu 14 in an kawo dalili. Bayan nan kotu ta kira kwamishinan 'yan sanda da Antoni Janar su faɗi dalilin da zai hana a sake shi, in sun gamsar da ita ta yi ƙarin ƙarshe na kwana 14, in ba su gamsar ba ta sallame shi. Sashe na 376 ya ce shawarar lauyoyin gwamnati ta fito cikin kwana 14 da karɓar fayil. Dokokin jihohi sun ɗan bambanta a yawan kwanakin, amma duk sun sa wa'adi. Matsalar ita ce alƙali yana da ɗaruruwan fayiloli, in ba wanda ya miƙe ya tuna masa, sai a yi ta ɗage zama.

Abu na farko da za ku nemo shi ne lambar ƙara. Ku je ofishin rajista na gidan yarin, can akwai takardar umarnin tsarewa ta kowane mutum, a jikinta akwai sunan kotu, lambar ƙara, tuhuma, da ranar komawa. Ku kula da suna: sau da yawa da laƙabi aka rubuta shi, ko aka sa sunan unguwa a madadin na mahaifi, shi ya sa dangi ke nema a ce babu shi. Da lambar a hannu, ku je wurin rajistaran kotun ku ji ina aka tsaya. In an ce ana jiran shawara, ku je ma'aikatar shari'a ku tambaya ko fayil ya iso, da ranar da ya iso. Amsar nan ce za ta nuna muku wa za ku rubuta wa: in bai iso ba, sashen shari'a na rundunar 'yan sandan jiha, in ya iso, kwamishinan shari'a.

Lauya kyauta akwai. Hukumar Legal Aid, da aka kafa tun 1976, tana da ofis a kowace jiha, sai dai lauyoyinta kaɗan ne, wanda ya zo musu da lambar ƙara da kwanan wata a jere shi ake fara yi wa aiki. Akwai kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na NBA, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, akwai ɗaliban shari'a na wasu jami'o'i da ke shiga gidajen yari ƙarƙashin malamansu.

Wasu kuma an ba su beli tuntuni, sharaɗin ne ya fi ƙarfinsu: ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi kaza, ko mai takardar mallakar fili. Ina ɗan garuwa zai samo darakta? Doka ta ce kada sharaɗi ya yi tsanani, kuma ana iya roƙon babbar kotu ta sassauta. Wasu tara ce ta 'yan dubbai ta riƙe su, wadda asusun ƙungiya zai iya biya a karɓi rasit. Sannan babban jojin jiha yana da ikon zagaya gidajen yari ya saki wanda tsarewarsa ta saɓa doka, ko wanda ya zauna fiye da abin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin. Jerin sunayen da ake kai masa tun kafin ziyarar ake haɗawa. Ku tabbata naku suna ciki, kowanne da ranar da aka kawo shi.

Ɗan Sawaba

'Ya'yana, abin da kuke shirin yi yana da asali a ƙasar nan, kada wani ya ce muku baƙon abu ne. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, babban kukan talaka shi ne 'yan doka da kotun alƙali da kurkukun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, duka a hannun hukuma ɗaya. Wanda ya kama ka, da wanda zai yi maka shari'a, da wanda zai kulle ka, ubangidansu ɗaya, kuma ba a yarda lauya ya shiga waɗannan kotuna ba. An ɗaure mutane a kan yin taro ba izini, an yi musu bulala a kan ambaton sunan mai sarauta. Hajiya Gambo Sawaba, masu tarihi sun ce sau 16 aka ɗaure ta. Sai a ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kurkuku da kotuna daga hannun En'e. Haraji da jangali kuwa, da ake kama magidanci a kansu, sai 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su.

Abin da ake mantawa shi ne mutanen Malam Aminu Kano ba da lacca kaɗai suka yi aiki ba. Sun yi rassa a unguwanni da ƙauyuka, sun yi karo-karo, sun rubuta takardun koke da suna da rana da wuri, sun bi waɗanda aka ɗaure sun kula da iyalansu. Ku ma haka za ku yi. Littafi guda mai bango, ma'aji amintacce, kuɗin wata-wata komai ƙanƙantarsa don mota da kwafin takardu, da lambar waya ɗaya da kowane gida ya sani.

Ina roƙonku abu biyu. Kada ɗan siyasa ya saya muku riga da sunansa a baya, don ranar da yaransa ne suka sa aka yi kamun, bakinku zai mutu. Kuma kada ku zaɓi wanda za ku tsaya wa saboda ɗan gidan wane ne, ko addininsa, ko garinsu. Almajiri da ɗan ci-rani da baƙon da ya zo daga Maraɗi ko Damagaram su suka fi daɗewa a tsare, don babu mai zuwa tambaya. Ko wanda kuka tabbata ɓarawon waya ne, haƙƙinsa ne a kai shi gaban alƙali, ba a karya masa ƙafa a bayan ofis ba.

Na-Kotu

Baba, Allah ya ƙara girma. Zan ƙara abu biyu a kan bayanin Malam Magatakarda.

In duk ƙofofin nan sun ƙi buɗuwa, akwai ƙarar neman haƙƙin ɗan Adam a babbar kotun jiha ko ta tarayya, ƙarƙashin sashe na 46 na kundin tsarin mulki da ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009. An sauƙaƙa ta da gangan. Ba dole wanda ke tsare ya sa hannu ba, ɗan'uwa ko ƙungiya na iya shigarwa a madadinsa, wanda ya san abin da ya faru ya yi takardar rantsuwa. Wanda ake ƙara kwana 5 gare shi ya ba da amsa, kuma tsufan magana ba ya kashe ta. Sashe na 35(6) ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da diyya da neman afuwa a bainar jama'a, kuma ana iya haɗawa da mai ƙarar da ya yi amfani da 'yan sanda don karɓar bashi. Sai dai kada ku yi wa dangi alkawarin kuɗi. Samun hukunci daban, karɓar diyya daga asusun hukuma daban, sau da yawa sai an nemi amincewar Antoni Janar, abin ya ɗauki shekaru. Amfaninta na kusa shi ne a fito da mutum. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ma tana karɓar koke kyauta a ofisoshinta na jihohi.

Na biyu, yara. Duk wanda bai kai 18 ba, dokar haƙƙin yara ta 2003 da irinta na jihohi, kamar wadda Kano ta sa wa hannu a 2023, sun ce a sanar da iyayensa, kada a haɗa shi da manya, kuma tsarewa ta zama matakin ƙarshe. Kowa ya ga yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, aka gurfanar da su a babbar kotun tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba bayan kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi, aka sa belin kowanne naira miliyan 10, sai da ƙasa ta ɗauka kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu. Abin da ya fi jefa yaro cikin manya shi ne a rubuta masa shekara 19 ko 20 a takardar farko, babu mai musawa. Saboda haka ranar da aka kama yaro, ku nemo takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, ko katin rigakafi, ko shaidar firamare ko ta Islamiyya, ku haɗa kwafinta da takardar neman belin tun kafin a rubuta FIR. Ainihin takardar ta zauna a hannunku, kwafi kawai za ku miƙa.